Biskit Mai Cuku da Kwalbar Litinin

UKASHA: Halo? Halo! Kaduna ke nan? Ina neman wata mai buga tafireta, Nasiba Hayatu, 'yar gajera, mai faɗan tsiya.

NASIBA: Wa ke magana?

UKASHA: Daga gidan gwamnati, Jalingo. An umarce ni in sanar da ita cewa daga yau...

NASIBA: Ukasha! Cire yatsa daga hancinka. Ko daga cikin rijiya ka yi magana na san muryarka.

UKASHA: Kash! Adda, ke kaɗai kika gagare ni a duniya. Da muryar nan fa na sa hedimasta ya fito tarar sufeto, ya yi awa guda a rana da furanni a hannu.

NASIBA: Shi ya sa har yau ba ka da takardar gama makaranta. Ba za ka gaishe ni ba?

UKASHA: Ina wuni, Adda.

NASIBA: Lafiya lau. Ya gida?

UKASHA: Alhamdulillahi. Ya aiki? Ya Yaya Jabir?

NASIBA: Yana lafiya, ya je Zariya tun jiya. Ya mutanen Sintali? Ya ruwa?

UKASHA: Ruwa ya yi gyara. Kogin Lamurde ya cika har baki, kwana huɗu ma wayar garin nan a mace take, yau ta farfaɗo. Ina 'yarki Zulai, matata? Ki ce mata na fasa auren, na samu mai haƙora.

NASIBA: Haƙoran sun fito, ita ma ta ce ba ta son miji mara aiki. Daga ina kake bugowa? Ina jin hayaniya.

UKASHA: Akwatin waya na bakin gidan waya. Kati na saya, sabo fil. Mutum bakwai ne a gabana, na ce musu matata ce ke naƙuda a Kaduna, duk suka matsa. Wata tsohuwa har addu'a ta yi mini.

NASIBA: Allah ya shirye ka. Ya Baba? Ya jikin nasa? Kwalin biskit ɗin da na aiko da direba ya iso?

UKASHA: Ya iso.

NASIBA: Me? Ɗaga murya, layin yana ƙara.

UKASHA: Na ce ya iso! Tun wancan makon.

NASIBA: Madalla. Wannan karon manyan na samu. Yana shago yanzu?

UKASHA: Shago... a rufe yake yau. Na dai kai masa ruwan zafi da safe, suka ce sai ƙarfe huɗu za a sake barin mutane su shiga.

NASIBA: Su wa suka ce?

UKASHA: Na'am?

NASIBA: Su wa suke hana mutane shiga wurin Baba, Ukasha?

UKASHA: Adda, kina zaune ne ko kina tsaye?

NASIBA: Kada ka yi mini wasan nan naka. Wallahi in wasa ne ba zan yafe maka ba.

UKASHA: Da ma wasa ne. Baba yana babban asibiti. Yau kwana shida.

NASIBA: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Kwana shida? Sai yau kake gaya mini?

UKASHA: Shi ya hana, ya ce kada a ɗaga miki hankali. Da abin ya yi tsanani kuma na zo nan sau uku, ba layi.

NASIBA: Sugan ne?

UKASHA: Shi ne. Ya sauka a ƙafa. Kin tuna takalmin da ya saya da ƙaramar salla? Ya ɗan goge masa ɗan yatsa. Bai ji zafi ba, ko kaɗan bai ji ba, ya ci gaba da taka kekensa yana ɗinki. Sai wari muka fara ji a shago. Na ɗauka ɓera ne ya mutu a bayan buhun ƙyallaye, na yi ta nema. Ranar da ya cire safa zai yi alwala...

NASIBA: Wace ƙafar?

UKASHA: Ta dama.

NASIBA: Ta taka keken. Wayyo Allah. To me likita ya ce? Ana wanke ta?

UKASHA: An yanke.

NASIBA: An ɗaure? Ba na jin ka sosai, an ɗaure ta?

UKASHA: An yanke ta, Adda! Shekaranjiya. Daga ƙasan gwiwa.

NASIBA: Wayyo Baba...

UKASHA: Halo? Adda Nasiba? Kina nan?

NASIBA: Ina nan.

UKASHA: Ya farka. Yana magana, ya sha kunu mara suga jiya. Ni da Baffa Maishanu muka kai ƙafar maƙabarta muka binne. A farin ƙyallen shagonsa na naɗe ta. Ba nauyi ma, Adda, kamar ka ɗauki...

NASIBA: Ya isa! Ya isa haka. Amma ta yaya? Ba kai ka rubuto mini da hannunka cewa suga ya kwanta ba? Ka ce Sista Beatrice ta ƙaramin asibitin unguwa tana gwadawa duk Litinin, ba ta ganin komai. Ka ce har an rage masa ƙwaya.

UKASHA: An rage. Daga biyu zuwa ɗaya.

NASIBA: To?

UKASHA: Da aka ɗebi jininsa a babban asibiti, likitan sai da ya cire tabarau ya sake dubawa. Ya ce wannan suga ba na mako ɗaya ba ne, ba na wata ɗaya ba. Ya tambayi abin da yake ci. Baffa ya zaro ledar biskit ɗin nan daga aljihun rigar Baba.

NASIBA: Biskit ɗina? Ai ba zaƙi a cikinsa! Gishiri ne da cuku a tsakiya. Sai da na ɗanɗana kafin in saya, mai kantin ma ya rantse mini ba suga.

UKASHA: Fulawa ce, Adda. Likitan ya ce harshe ne kawai bai ji zaƙi ba. Da ta sauka ciki suga take zama, kamar burodi, kamar tuwo. Cukun ɗan jinkirta ta kawai yake yi. Da guda biyu ko uku ne, a haɗa da alale ko miyar ganye, a rage malmalar tuwo, mutum ya ɗan taka, da ba komai.

NASIBA: Shi nawa yake ci?

UKASHA: Leda guda da shayin safe. Wata ledar in ya zauna kan keke bayan la'asar. Ga tuwonsa yana nan yadda yake.

NASIBA: Na shiga uku. Ni ce. Kwali huɗu na aiko, Ukasha, huɗu! Ina murna, ina gaya wa matan ofis na samo wa babana abin da zai ci. Ashe ni nake yanke masa ƙafa da kuɗina.

UKASHA: Ba ke ba ce.

NASIBA: Ni ce mana! Ni da matar nan. Ita da ta yi karatun abin, me take gwadawa duk Litinin? Ruwan famfo? Shekara nawa muna ganin mutuncinta!

UKASHA: Haka Baffa ma ya ce. Ya sa an buga masa takardar ƙorafi, shafi biyu, da sunanta da komai. Yau zai kai ma'aikatar lafiya kafin a tashi aiki, ya ce yana da mutum a can. Ya rantse sai an tuɓe mata farar rigar nan.

NASIBA: Ya kai! Ni ma a sa sunana.

UKASHA: Ta zo asibiti jiya. Da littafinta ta zo, babban nan mai baƙin bango. Ta tsaya a baranda tana buɗe wa Baffa shafi-shafi, tana kuka, tana cewa da karyayyar Hausarta, "Alhaji, ni ne na dafa shi da hannuna, shuɗi ne ya fita, wallahi shuɗi ne. Malam Hayatu babana ne, yaya zan kashe ta?" Baffa ko kallon littafin bai yi ba.

NASIBA: Kuka ba zai mayar da ƙafa ba.

UKASHA: Shekara biyu suka rage mata ta yi ritaya. Ita ta rufe wa Inna ido, Adda, kin manta? Ke kina hanya a lokacin.

NASIBA: Ban manta ba. Amma kai me ya sa kake kare ta? Ubanka ne fa a kwance.

UKASHA: Don gaskiya ta faɗa. Shuɗi ne.

NASIBA: Ban gane ba.

UKASHA: Kin san yadda take yi. Mutum ya kawo fitsarin asuba a kwalba, ta ɗiga a wani shuɗin ruwa, ta dafa a kan 'yar fitilarta. In ya tsaya shuɗi, ba suga. In ya koma ja kamar bulo, suga ya yi yawa. Baba ba ya son a gan shi da kwalbar a layi, dattijo da shi, mata suna kallo. Ni nake kai masa.

NASIBA: Na sani. Sai me?

UKASHA: Malam, ka yi haƙuri mana, ka daina buga ƙofar! Ban gama ba!... Yi haƙuri Adda, wani ne a bayana.

NASIBA: Sai me, Ukasha?

UKASHA: Litinin ɗin farko bayan kwalinki na fari, ja ya fito. Ja wur. Sista ta rufe littafi ta biyo ni har shago. A gaban masu karɓar ɗinki ta yi wa Baba faɗa. Duk abin da likitan nan ya faɗa shekaranjiya, ita ta riga shi faɗa tun watan azumi bai kama ba. Ta ce biyu kacal, da abinci, in ba zai iya tsayawa a biyu ba ya bari gaba ɗaya. Ta ce in ta sake ganin ja, da kanta za ta zo ta kwashe kwalin.

NASIBA: Ta faɗa? Kuma ba wanda ya gaya mini?

UKASHA: Kwana uku Baba bai yi wa kowa magana ba. Ke ba kya nan, ba ki ga yadda yake cin abinci ba tun da Inna ta rasu. An hana shi fura, an hana shi rake, an hana shi zuma. Doyar Jalingo, Adda, yana ganin ta a kasuwa ya kau da kai. Kullum acca da ganye, acca da ganye, kamar akuya. Biskit ɗin nan kaɗai ne yake buɗewa ki ga fuskarsa ta saki. Raba shi biyu yake yi, ya fara lashe cukun, kamar ƙaramin yaro.

NASIBA: Ukasha, me ka yi?

UKASHA: Da Litinin ta zagayo, ya miƙo mini kwalba. Na fita. Da na kai bayan masallacin Sintali... na zubar. Na ɗauraye ta. Na cika da nawa.

NASIBA: Ka cika da me? Layin ya...

UKASHA: Da nawa! Fitsarina na kai mata!

NASIBA: La'ilaha illallahu.

UKASHA: Ta dafa, ya tsaya shuɗi kamar sama. Har tafi ta yi. Ta ce in gaya wa Baba ta gode da ya ji magana.

NASIBA: Sau ɗaya?

UKASHA: Sha huɗu.

NASIBA: Litinin sha huɗu. Kana kallo aka rage masa magani.

UKASHA: Na ɗauka in ya ji wani abu a jikinsa zai faɗa, sai in daina. Ƙiba ma ya ƙi yi, ramewa yake, na ce ai masu ƙiba ne suga ke kayarwa. Yana ta shan ruwa, randa guda, na ce zafi ne. Ni fa gani nake na iya. Har a majalisar mai shayi na ba da labari, ban dai faɗi suna ba, na ce akwai wata mai satifiket uku da nake juyawa kamar waina.

NASIBA: Ka iya. Ai ka iya, Ukasha. Duk Taraba ba wanda ya kai ka. Hedimasta, mai gadin silima, yanzu kuma ubanka.

UKASHA: Faɗi, Adda. Duk abin da za ki faɗa na riga na faɗa wa kaina a maƙabarta.

NASIBA: Kuma ka bar ni yanzun nan ina cewa ni ce! Kana ji na!

UKASHA: Shi ya sa na kasa. Wallahi da niyyar in gaya miki ƙafar kawai na shigo akwatin nan, in ajiye.

NASIBA: Baba ya sani?

UKASHA: Adda...

NASIBA: Tambayarka nake. Ka yaudare shi shi ma, ko ya sani?

UKASHA: Tun ranar farko. Da na dawo na ce masa shuɗi ne, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Na wa ka kai?" Na ce nawa. Na sunkuyar da kai ina jiran mari. Adda, sai ya fashe da dariya. Ya yi ta dariya har ya kifa kai a kan keke, hawaye na zuba. Ya ce, "Ɗan banza! Kai dai da ka tsaya a makaranta da yanzu kai ne gwamna." Ya ɓare leda ya miƙo mini guda.

NASIBA: Baba? Babanmu?

UKASHA: Shekara tara, tun ranar da aka koro ni daga aji uku, bai taɓa dariya da wani abu da na yi ba. Ko sunana ba ya kira, sai "kai". Ke ce mai takarda, ke ce ake karanta wasiƙarki a gaban baƙi. Amma duk Litinin in na dawo, sai ya tsayar da keke ya ce, "Yaya, likita, me sakamako ya nuna?" Mu zauna mu ci tare. Ni... ni ban san yadda zan daina ba, Adda.

NASIBA: Kuka kake yi?

UKASHA: Wa? Ni? Mura ce. Akwatin nan wari yake.

NASIBA: Ka share hancinka. Ina jin ka.

UKASHA: Jiya da Baffa ya fita alwala, Baba ya kamo hannuna. Ya ce, "Maganar kwalba ta mutu tsakanina da kai. In Maishanu ya ji, ba za ka sake kwana a gidan nan ba, dangi kuma har ka mutu da shi za su riƙa kiranka. Na rasa ƙafa, kada in rasa mai ɗaga ni." Ya sa na yi masa alkawari.

NASIBA: Ya san da takardar Baffa?

UKASHA: Bai sani ba. Baffa ya ce kada a dame shi.

NASIBA: Da ya sani, kana ganin zai yarda a kori matar nan saboda shi?

UKASHA: Ban sani ba. Da can zan ce a'a. Amma mutumin da ke kan gadon nan tsoro yake ji, Adda. Ko fitsari zai yi sai ya nemi inda nake.

NASIBA: Ƙarfe nawa yanzu a wurinka?

UKASHA: Lokaci ɗaya ne da Kaduna, ai ba Makka nake ba.

NASIBA: Ukasha!

UKASHA: Biyu da kwata.

NASIBA: Baffa yana ina?

UKASHA: Yana gidansa, unguwar Barade. Ya ce in ya ci abinci ya yi wanka zai fita.

NASIBA: To ka tari acaba yanzu, ka same shi kafin ya sa hula.

UKASHA: Ko ke za ki gaya masa? Maƙwabcinsa yana da waya, zan ba ki lambar. Ke yana jin maganarki. Ki ce kawai a jinkirta, ki ce sai kin zo. Ko kuma, tsaya, akwai dabara. Takardar tana aljihun babbar rigarsa, in na ce zan goge masa ita...

NASIBA: A'a.

UKASHA: Minti biyu ya ishe ni, wallahi ko ji ba zai yi ba.

NASIBA: Na ce a'a! Sai ya sa a buga wata gobe. Ba sauran dabara, Ukasha. Da bakinka za ka faɗa, da muryarka. Daga can ka wuce gidan Sista Beatrice ka durƙusa.

UKASHA: Alkawarin Baba fa?

NASIBA: Ni zan ɗauki wannan. Gobe da asuba zan shiga mota, ko ta Jos ce ko ta ina, jibi dai ina Jalingo in Allah ya so. Zan gaya masa ni na sa ka. Ni ma ina da nawa laifin da zan durƙusa a kai, ban taɓa tambayar kowa ba kafin in fara aike.

UKASHA: Baffa zai kore ni. Kin san shi. A tsakar gida zai tara mutane.

NASIBA: Zai yi.

UKASHA: Wa zai kwana da Baba?

NASIBA: Kai. Gidan Sintali ne nasa da na Baba, asibitin ba nasa ba ne. Ko a baranda ne ka shimfiɗa kwali.

UKASHA: Adda... ke fa? Kin tsane ni?

NASIBA: Ban sani ba tukuna. Kada ka tambaye ni yau.

UKASHA: To.

NASIBA: Tafi.

UKASHA: Akwai saura a katin. Bari ya ƙare mana, kada ya tafi a banza. Ba ni labarin Kaduna. Gadar nan da kika ce ana gyarawa, an gama?

NASIBA: Ukasha.

UKASHA: Muddin ina riƙe da kan wayar nan, ban zama abin da za su kira ni ba tukuna. Minti ɗaya kawai, Adda. Ki yi ta magana, ko zagi ne.

NASIBA: Ka ci abinci yau?

UKASHA: Tun shekaranjiya dai ruwa nake sha.

NASIBA: In ka fito daga gidan Sista ka nemi abu ka ci. Ba za ka iya ɗaga shi da yunwa ba. Yanzu zan ajiye.

UKASHA: A'a, tsaya, ban gaya miki ba ma...

NASIBA: Zan ajiye, ƙanina. In ban ajiye ba, ba za ka tafi ba.

UKASHA: Adda, don Allah! Halo? Adda Nasiba? Halo?... To. Shigo, malam, na gama.